Launukan kore a lambu da cikin gida: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Kaduna

A watan Agusta kowane fili a Kaduna kore ne shar, har kangon da ba mai kula da shi. Ruwan da ke sauka a garin, kimanin milimita 1,200 a shekara, kusan duk yana zuba ne tsakanin Mayu da Oktoba, sannan a shiga wata biyar ko shida babu ko ɗigo. Saboda haka lambun da ya yi kyau da marka bai nuna gwanintar kowa ba. A watan Fabrairu ake gane wanda ya iya zaɓen shuka. Amsoshin da ke ƙasa an gina su ne a kan wannan yanayi, da kuma jar ƙasar tudun Kaduna mai ƙarancin taki.

Kore, tsanwa da algashi duk abu ɗaya ne?

A baki ana musanya su. Kore ita ce kalmar gama-gari. Tsanwa ta fi zuwa wa koren da ke da haske, irin na sabon tohon tsamiya ko shinkafar da ba ta daɗe da fita ba. Algashi an fi jin sa a wajen masu zare, tufa da fata. Idan za ka yi odar dashe ko fenti, kada ka tsaya a kan kalma kawai, domin tsanwar wani koren wani ce. Kwatanta da ganyen da kowa ya sani: koren mangwaro mai duhu da sheƙi, koren zogale mai laushi, koren latas mai ratsin rawaya, koren kabeji ko tumfafiya mai toka-toka. Mafi sauƙi, tsinko ganyen ka tafi da shi.

Me ke sa ganye ya zama kore, kuma me ya sa koren ba iri ɗaya ba ne?

A cikin ganye akwai sinadarin kulorofil, wanda shuka ke kama hasken rana da shi ta haɗa abincinta. Yana shanye jan haske da shuɗi sosai, koren haske kuma ba ya shan sa da yawa, shi ne ke dawowa idonmu. Amma ba shi kaɗai ne a ganyen ba. Akwai sinadarai masu launin rawaya da ruwan goro, dangin wanda ke cikin karas, akwai kuma masu launin ja da shunayya, irin wanda ke sa zoɓo ja. Yawan kowanne shi ke karkata koren zuwa wani gefe.

Fatar ganyen ma tana da nata. Ganyen mangwaro da na durumi suna da santsi, haske na tsalle a kansu, sai su yi sheƙi. Kabeji, albasa, itacen turare da tumfafiya suna da wani farin kakin da ya lulluɓe su kamar hoda. Shafa yatsa a kan ganyen kabeji, za ka ga koren da ke ƙasa ya fi duhu. Wannan kakin yana rage fitar ruwa, shi ya sa shuke-shuke masu toka-toka da yawa suka fi jure rani. Haske ma yana canza launi: shuka ɗaya, reshen da ke inuwa ganyensa ya fi faɗi da duhu, na rana ya fi ƙanƙanta da kauri.

Sabon ganyen mangwarona ya fito ja-ja, yana lilo kamar ya yi yaushi. Cuta ce?

A'a. Haka mangwaro ke toho, kashu da maɗaci ma suna yin irinsa. Kulorofil bai gama taruwa a ganyen ba tukuna, jan sinadarin ne ke kare shi daga zafin rana. Cikin 'yan makonni zai koma tsanwa, daga baya ya yi duhu ya yi tauri. Ba ya bukatar feshi.

Ganyen shukata ya koma rawaya. In zuba yuriya?

Nan ne aka fi asarar kuɗi da shuka. Rawaya iri-iri ce, kuma iri ɗaya kawai yuriya take warkarwa. Kafin ka buɗe buhun taki, duba abu biyu: a wane ganye rawayar ta fara, tsoho na ƙasa ko sabo na sama? Kuma duk ganyen ne ya koɗe, ko jijiyoyinsa sun rage kore?

Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, har da jijiyoyin, shukar kuma ta tsumbure, ƙarancin naitirojin ne. Shuka tana iya kwashe shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa na ƙasa ke fara shan wahala. A masara za ka ga rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi tsakiyarsa. Wannan ita ce ta yuriya, kuma ta fi yawa bayan ruwan marka ya wanke ƙasa.

Idan tsofaffin ganyen ne, amma jijiyoyin kore ne tsakaninsu rawaya, maganiziyam ne ya yi ƙaranci. Shi ne ke zaune a tsakiyar ƙwayar kulorofil, in babu shi ba a gina ta. Ana yawan ganin haka a lemo, tumatir da shukar da ta daɗe a tukunya.

Idan sabbin ganyen sama ne suka fito rawaya ko kusan fari, jijiyoyinsu kore siri-siri kamar raga, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa samu. Abin mamaki, jar ƙasar Kaduna ƙarfen ne ma ya sa ta ja. Matsalar ba rashinsa ba ce, kulle shi aka yi. A sabbin gidaje, irin na Millennium City ko bayan Rigasa, magina sukan binne ɓaraguzan bulo, ragowar siminti da filasta a jikin katanga, daidai inda mai gida zai zo ya dasa furanni. Siminti yana kashe ɗan tsamin da ƙasa ke da shi, ƙarfen ya daina narkewa. Yawan zuba toka da ruwan wanki ma haka suke yi. Furen iksora da lemun tsami su ne suka fi saurin nunawa. Binne tsofaffin ƙusoshi, da ake yawan ba da shawara, ba ya yin wani abin kirki, domin tsatsa ita ce ainihin ƙarfen da shuka ba ta iya sha. Maganin dindindin shi ne a tone ramin zuwa zurfin santimita 40 ko 50, a kwashe ɓaraguzan, a cika da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki.

Sauran a taƙaice: sabon ganye ya koɗe gaba ɗaya, farar wuta ce ta yi ƙaranci, takin sufa yana ɗauke da ita; gefen tsohon ganye ya ƙone kamar an kara masa wuta, ƙarancin fotashiyam ne; ganyen lemo ƙanana masu dabbare-dabbare, ƙarancin zinki ne.

Amma kafin duk wannan, tura yatsa cikin ƙasar. Idan ta jiƙe sharkaf tana wari, saiwar ce ta shaƙe, kuma ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta shan taki komai yawansa. Shukar tukunya da ta yi rawaya da damina, galibi ramin ƙasan tukunyar ne ya toshe. Idan kuma ganyen ya yi dabbare-dabbaren kore da rawaya tare da murɗewa, kamar yadda ake gani a rogo, kuɓewa da gwanda, cutar bairos ce da ƙananan ƙwari irin su farin ƙuda da darɓa ke yaɗawa. Ba ta da magani. A tuge a ƙone.

To nawa ake sawa idan an gane matsalar?

Murfin kwalbar lemo yana ɗaukar taki kimanin giram 5 zuwa 6, da shi za a iya awo. A fangalin ganye ko ciyawa, yuriya giram 10, wato murfi biyu, ta isa murabba'in mita ɗaya. Kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa giram 30, murfi biyar ko shida. A sa a ƙasa mai danshi da yamma, a nesanta da gindin shuka da faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa ko a bi da ruwa nan take. Yuriyar da aka bari a fili cikin rana, wani kasonta iska ke tafiya da shi. Idan naitirojin ne matsalar, za a ga canji cikin kwana 7 zuwa 10.

Don maganiziyam, a narka gishirin Epsom cokalin cin abinci ɗaya, kimanin giram 15, a ruwa lita ɗaya, a fesa a ganye sau biyu ko uku, tazarar mako biyu. Don ƙarfe, shagunan kayan noma suna da na feshi. A bi awon da ke jikin kwalin, a kuma tuna ganyen da feshin ya taɓa kawai yake gyarawa. Kada a yi kowane feshi da tsakar rana.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa; a tara shi, a riƙa jiƙawa ana juyawa mako shida zuwa takwas. Garin katako sabo da aka cuɗa da ƙasa yana sa ganye rawaya, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna cinye naitirojin ɗin ƙasar kafin shuka ta samu. A shimfiɗa shi a sama kawai. Haɗin tukunya: baƙar ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashin kogi ko buntun shinkafa kashi ɗaya.

Kore mai duhu sosai ba alamar lafiya ba ce?

Ba kullum ba. Tumatir ko barkonon da ya sha yuriya fiye da kima zai yi duhu, ya yi ganye jibgi, kararsa ta yi taushi, fure ya yi ta zuba, darɓa kuma ta same shi da daɗi. Shinkafa da masara sukan kwanta. Sannan ƙarancin fosforas, wanda ƙasar tudu ta yankin nan ta yi suna da shi, yana sa ƙaramar masara ta yi kore mai duhu marar sheƙi, gefen ganyen ya yi shunayya, ta ƙi girma. Wannan sufa ko kamfa take so tun lokacin shuka.

Manoman shinkafa na fadama suna da ma'auni na musamman: wani ɗan allon roba mai launukan kore huɗu, masu lamba 2 zuwa 5, wanda cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta yaɗa. Daga mako biyu bayan dashe, duk kwana 7 zuwa 10, a zaɓi shuka goma, a ɗora ganyen sama da ya gama buɗewa a kan allon, mutum ya kare rana da jikinsa. Idan yawancinsu sun gaza lamba 4 a shinkafar dashe, lokacin ƙarin yuriya ya yi.

Da hunturu duk shukokin gidana sun dushe, wasu sun yi baƙi. Me ya faru?

Dushewar ƙura ce. Tana rage hasken da ganye ke samu, tana kuma jawo wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari dangin gizo-gizo, masu son wuri busasshe. Suna zama a bayan ganye, su tsotse shi ya yi ɗige-ɗige fari, daga baya ya koma ruwan ƙasa. A wanke ganye da ruwa mai ɗan ƙarfi sau ɗaya a mako da safe, a fi mai da hankali ga bayansa.

Baƙin kuwa, mai kama da kunkunniya, wanda ake gani a mangwaro, gwaiba da lemo, naman gwari ne da ke tsirowa a kan ruwan zaƙin da ƙwari ke fitarwa. Ɗaga ganyen, za ka tarar da farin ƙwaro mai kama da auduga ko darɓa, tururuwa na hawa da sauka. Ƙwaron za a kashe, baƙin zai tafi da kansa. A daka ƙwallon dogonyaro giram 50, a jiƙa a ruwa lita ɗaya ya kwana, a tace, a ɗiga sabulun ruwa ƙaramin cokali ɗaya, a fesa da yamma duk mako har sau uku.

Waɗanne itatuwa ne ke riƙe korensu har bazara?

Mangwaro, maɗaci, kashu, durumi, ceɗiya da lemo suna riƙe ganye kusan duk shekara. Dogonyaro yana kaɗe wani kaso a ƙarshen hunturu, amma nan da nan yake sake sabo. Tsamiya tana yin sabon toho tsanwa gab da faɗuwar damina, lokacin da ido ya fi bukatarsa. Kuka, rimi da malina kuwa tsirara suke kwana da rani; kada a dasa su inda ake son inuwar watan Maris. Gawo, wanda ya fi yawa daga Zariya zuwa arewa, nasa a juye yake: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani.

Wanda ke son ganin yadda waɗannan ke zama idan sun tsufa, ya zaga tsofaffin layukan Unguwar Rimi da Unguwar Sarki, ko lambun Gamji da ke bakin kogi. Zai kuma ga girman da suke kaiwa. Durumi da ceɗiya saiwarsu tana bin ruwa har cikin sokawe, tana ɗaga daɓe; ba na ƙaramin gida ba ne. Mangwaro a ba shi aƙalla mita 6 zuwa 8 daga gini. Turare yana da kyawun launi, shuɗi-shuɗi da toka, kuma shi ne ya yi yawa a dajin Afaka, amma yana shan ruwa ƙwarai, abin da ke ƙarƙashinsa ba ya sakewa.

Yaya ake tsara launukan kore a fuloti mai ƙafa 50 da 100?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a je wajen masu furanni na bakin titi a ɗauko ɗai-ɗai daga kowane iri. Sai gidan ya zama kamar wurin sayarwar. Iri uku ko huɗu da aka maimaita sun fi iri ashirin kyau.

A fara da mai duhu, shi ne bango. A jikin katangar baya, a jera dogayen itatuwan nan masu siffar mashi da masu furanni ke kira maskwared, tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ko lemo idan ana son 'ya'ya. Mai duhu da matsakaici su ɗauki kamar kashi biyu cikin uku na duk ganyen da ido zai gani. A gabansu a sa matsakaici mai laushin ganye, irin su lalle, zogale da ake datsewa, ko ciyawar shayi mai ƙamshin lemo. Mai ratsin rawaya shi ne gishirin miya: yana fizgar ido, yana kuma matsowa kusa, don haka wurinsa bakin ƙofa ko kwanar hanya. Mai toka-toka, kamar alobera, yana ja da baya; idan aka sa shi a ƙarshen siririn lungu, lungun sai ya yi kamar ya fi tsawo.

Girman ganye yana aiki kamar launi. Ayaba kusa da tsamiya, ko da korensu ya zo ɗaya, ba za su saje ba. A kuma lura da rana: da tsakar rana a Kaduna tsanwa tana koɗewa a ido, mai duhu ne ke tsayawa. A lungun da ba ya samun rana kuwa mai duhu ɓacewa yake, a nan ake sa mai ratsin fari.

Shingena mai ruwan ɗorawa ya koma kore. An canza min iri ne?

Ba a canza ba. Duranta, wadda ake kira yalo bush, sai da rana ta awa shida ko fiye take yin rawaya, kuma sabon toho ne ke da launin. A inuwa, ko idan an daɗe ba a aske ta ba, ko ta sha yuriya da yawa, kore take komawa. A aske ta duk mako uku ko huɗu da damina, ƙasan shingen ya fi samansa faɗi kaɗan don rana ta kai gindi, in ba haka ba ƙasan zai zama ƙirare. Tazarar dashe santimita 30 zuwa 40.

Shuka mai ratsin fari kuma, idan ta fitar da reshe kore zalla, a yanke shi daga tushe da wuri. Ya fi sauran kulorofil, ya fi su saurin girma, zai mamaye shukar.

Wace ciyawa ce ta fi kore, kuma ruwa nawa take sha?

Ciyawar Fatakwal mai faɗin ganye tsanwa ce, tana jure 'yar inuwa, amma ba ta jure ƙishi. Ƙiri-ƙiri, wadda masu lambu ke kira Bahama, siririya ce, korenta ya fi duhu, tana son rana, tana jure tattaki. Idan ta bushe da rani ba mutuwa ta yi ba, ruwan farko zai tashe ta.

Lissafin ruwan shi ne abin dubawa kafin a dasa. Da rani, ciyawa na bukatar lita 30 zuwa 40 a kowane murabba'in mita a mako. Fili mai mita 10 da 10 ke nan zai sha tankin lita 1,000 uku ko huɗu duk mako. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse mai ƙarfi ya rage filin ciyawar, ya bar ɗan madaidaici inda ake zama, ya juya ruwan alwala zuwa wurin. A ba ta ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako, ya fi yayyafi kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Wajen yanka, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta. Idan aka aske ta ƙwal, farin kara ne zai bayyana. Da'irar da ta bushe a tsakiyar kore, a tona a duba gara.

Wane koren fenti ne ya dace da gida mai shuke-shuke?

A ra'ayinmu, katangar da ke bayan shuka kada ta zama kore. Fenti ba ya yin gasa da ganye ya ci. Ko dai ganyen ya ɓace, ko fentin ya fito kamar roba. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske ko jan ƙasa sun fi fito da ganye. A ajiye koren a ƙofa, taga da ƙarafan baranda.

Wajen haɗi, shuɗi da rawaya ke ba da kore, kamar yadda marina ke tsoma zaren da ya sha baba a ruwan rawaya. Idan ya yi tsanwa da yawa, ɗigon ja ke kwantar da shi ya koma na zaitun. Baƙi yana kashe shi, a yi hankali. A shafa gwaji mai faɗin mita ɗaya a jikin bangon, shafi biyu, a bar shi ya bushe, a duba da safe da kuma la'asar, domin launin da ke cikin bokiti ba shi ne na bango ba. Kore mai duhu a waje yana ɗaukar zafi, yana nuna ƙurar hunturu, kuma bangon yamma ya fi saurin koɗewa. A haɗa abin da zai isa duk aikin a lokaci ɗaya, lita ɗaya na rufe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi guda, don haɗi na biyu ba ya taɓa zuwa daidai da na farko.

Me ya sa garin kuka ko zogale wani kore ne shar, wani kamar ƙasa?

Shanya ce. Rana tana lalata kulorofil, tare da wani kaso na amfanin ganyen. A shanya a inuwa mai iska, a baza shi siriri a kan tabarma, da hunturu kwana uku ko huɗu sun isa, a adana a mazubin da haske ba ya shiga. A tukunya kuma, tsami da doguwar dahuwa suna fitar da maganiziyam daga kulorofil, ganye ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Shi ya sa alayyahun da aka haɗa da yakuwa ba ya riƙe launi. Kanwa tana riƙe koren, amma tana lalata bitamin C da B1, don haka 'yar kaɗan ta isa.

Dankalin Turawa da fatarsa ta yi kore, ana ci?

Koren kansa kulorofil ne, amma yana nuna haske ya taɓa dankalin, kuma hasken yana tara wani guba mai ɗaci, solanin, wanda dahuwa ba ta kashewa. Idan ɗan wuri ne, a fere shi da kauri a yar. Idan ya yi yawa ko yana ɗaci, a zubar, kada a ba dabbobi. A gona a riƙa tara ƙasa a gindin shukar, a gida kuma a ajiye shi a buhun algarara cikin duhu.